Babi na Huɗu: Da Wane Harshe Za Mu Yi Masa Magana?

"Ko dai yarukan ne suka yi masa yawa?"

Duk wanda ya taɓa zama da iyayen yaron da bakinsa ya yi nauyi ya ji wannan tambaya. Yaro ya cika shekara uku, sa'anninsa sun fara kawo ƙara da tsegumi, shi kuwa ko "Mama" bai riƙe ba. Sai a fara lissafi. Uwarsa Bafulatana ce, da Fulatanci take rarrashinsa. Ubansa Hausa yake yi. A makarantar reno Turanci ake yi masa, in a Maraɗi ko Damagaram ne kuma Faransanci. Da yamma yayyensa su baje a tsakar gida suna bitar haddar Islamiyya da Larabci. In a unguwar Sabo ta Ibadan ne, ga Yarbanci a bakin titi. Daga nan sai wani ya yanke hukunci: kan yaron ne ya ɗaure, a rage masa.

Shawarar tana da daɗin ji, shi ya sa take yaɗuwa. Wanda kaya suka yi wa nauyi ai sauke masa ake yi. Kuma ba daga bakin maƙwabta kaɗai take fitowa ba. Malaman makaranta suna bayar da ita, wasu ma'aikatan lafiya ma haka, a nan gida da can Turai da Amurka. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, duk sa'ad da aka ce a zaɓi harshe ɗaya, na makaranta ake ɗauka, na ɗakin uwa ake yarwa.

Me ya riƙe bakin yaron?

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke riƙe bakin yaro shi ne otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, kuma gado yana da babban kaso a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana tare da ita. Ana samunta a gidan da ake harshe ɗaya tak, ana samunta a gidan da ake huɗu. Abin da ke yi wa yaro mai otizim wuya ya riga kalmomi zuwa: haɗa hankali da wani mutum a kan abu guda. Jaririn da ba shi da lalurar, in akuya ta shigo gida, zai dubi akuyar, ya juyo ya dubi fuskar uwarsa, ya sake duban akuyar. A cikin wannan kai-komon idanu ne uwa ke cewa "akuya", kalmar ta samu wurin zama. Yaro mai otizim sau da yawa ba ya yin wannan juyowar, ko kuma yana yin ta jefi-jefi. To ko da harshe ɗaya aka faɗi kalmar, ko da uku, matsalar tana nan inda take.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka nemi ɗora laifin a kan abin da ake yi a gida ba. Bayan da likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, an shafe shekaru ana gaya wa iyaye mata cewa rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo ta. Mata da yawa sun tsufa da wannan baƙin cikin kafin a tabbatar ba gaskiya ba ne. Zargin harshen gida ɗan'uwan wancan zargin ne, don shi ma a kan uwa yake sauka.

Kafin a je ko'ina dai, duk yaron da magana ta yi masa jinkiri a fara auna jinsa. Kurumta da ciwon kunne mai yawan dawowa suna hana magana, kuma hanyar taimakonsu daban ce.

Abin da aka gano da aka gwada

Maganar ba ta tsaya a ra'ayi ba, an auna ta. A Kanada, inda gidaje da yawa ke haɗa Faransanci da Turanci da harsunan baƙi, an wallafa wani bincike a 2012 a kan yara 75 masu otizim, 45 daga cikinsu suna tashi da harshe fiye da ɗaya, 30 da harshe ɗaya. Ba a ga wani ƙarin jinkirin magana a wajen masu harshe biyun ba. A 2013 likitoci a unguwar Bronx ta birnin New York suka duba bayanan ƙananan yara 80, rabinsu daga gidajen da ake Sifaniyanci da Turanci. Su ma ba su ga bambanci a yawan magana ba, sai ma suka lura 'yan gidan harshe biyun sun fi yawan yin ishara da hannu da gwalantu. An yi irin wannan gwaji a kan yara masu Sinanci da Turanci a Vancouver, sakamakon ya zo daidai.

Kada mu zarce gona da iri. Wannan ba ya nufin yawan harsuna magani ne, ko kuma a ɗauko wa yaro malamin Faransanci don bakinsa ya buɗe. Abin da yake nufi shi ne, yaron da zai yi magana zai yi ta da harsunan da yake rayuwa a cikinsu, wanda kuma magana za ta yi wa wuya, za ta yi masa wuya ko da an rage. In aka zo ƙirga kalmomin da ya sani, a haɗa duka: in yana cewa "ruwa" da Hausa, yana kiran nono da Fulatanci, yana kiran mota da Turanci, kalma uku gare shi. Cakuɗa harsuna a jimla ɗaya kuwa ba alamar ruɗewa ba ce. A tsaya a Kantin Kwari a saurari manya minti biyar, za a ji haka suke yi.

Gidan da ya yi shiru

Ribar rage harshe ba a gan ta ba. Asararsa kuwa na gan ta da idona.

Wani gida ne na 'yan'uwa, yaronsu yana shekara huɗu lokacin. An sa shi a wata makarantar kuɗi, malamarsa da kyakkyawar niyya ta ce daga yau Turanci zalla. Uwar ta yi sakandare, amma Turancinta na umarni ne: zo, zauna, ci, bari. Da shi ta koma yi wa ɗanta magana daga safe har dare. Matar da na sani tana yi wa yaro kirari in tana masa wanka, tana zolayarsa da angon kakarsa, tana ba shi labarin duk abin da take yi a madafa ko ya kula ko bai kula ba, sai ta zama kamar mai ba da oda a bariki. Ba ta san yadda ake rarrashi da Turanci ba. Ba ta san yadda ake wasa da shi ba.

Ina zaune ranar da ta gaya wa surukarta.

"Hajiya, malamarsu ta ce kada a ƙara yi masa Hausa, wai ita ke rikita shi."

Tsohuwar ta ajiye carbinta. "To ni da me zan yi masa magana, 'yar nan?"

Ba wanda ya ba ta amsa. Daga ranar sai ta riƙa miƙa masa ƙosai a hannu ba tare da ta ce uffan ba, tana tsoron kada ta ɓata maganin jikanta. Yayyensa da suka gaji da laluben Turanci suka daina sa shi a wasa. Hira ta ci gaba da Hausa a tsakar gida kamar kullum, sai dai in an juyo kansa a sauya harshe a yi jimla ɗaya a koma. Yaron da lalurarsa ita ce wahalar shiga cikin mutane, an ƙara masa katanga. Garin neman gira aka nufi rasa ido.

Bayan wasu watanni mahaifin ya ce a bar wannan doka. Yaron bai wayi gari yana zuba ba, har yau maganarsa kaɗan ce. Amma in Hajiya ta ce, "Angona, ɗauko takalminka mu je gidan Inna," yakan tashi ya ɗauko, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ta ɗaura mayafi.

Abin da na gani ba baƙo ba ne ga masu bincike. A 2005 wata mai nazari a Los Angeles ta rubuta yadda ta ga yara masu otizim a gidajen baƙi 'yan asalin wasu ƙasashe suna zaune a wurin cin abinci an bar su a gefe, saboda iyayensu sun bi shawarar yi musu Turanci kawai alhali sauran gida na hira da harshen asali. Wata kuma, Brinda Jegatheesan, ta shafe sama da shekara tana bin iyalai uku Musulmi 'yan asalin kudancin Asiya da ke zaune a Amurka. Su sun ƙi bin shawarar. Hujjarsu kowane Bahaushe zai gane ta: yaro yana buƙatar harshen gida don kakanni da dangi, yana buƙatar Larabci don salla da karatu, yana buƙatar Turanci don makaranta. A wajensu, cire ɗaya daga ciki cire yaron ne daga wani ɓangare na rayuwarsa.

A yi tunanin gaba ma. Makaranta shekaru ce ƙidayayyu. Wanda zai riƙe wannan yaron in iyaye sun tsufa, yayyensa ne da ƙannensa da 'ya'yan baffanninsa. In ya ɓace a unguwa, mai shayi da mai kanti da ɗan acaɓa ne za su tambaye shi ɗan gidan wa ne. Da wane harshe za su tambaya?

"Ai shi Turanci yake so"

Akwai iyayen da za su ce ba su suka zaɓa ba, yaron ne da kansa. Ba ya amsa Hausa, amma yana rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, yana maimaita zancen katun da irin muryar masu yin sa. Wannan yana faruwa da gaske, kuma ba mu kaɗai ba. A Tunisiya an yi nazarin wasu yara maza biyar masu otizim da suke magana da daidaitaccen Larabci irin na littafi, wanda ba mai yin sa a gida ko a kasuwa. A talabijin suka ɗauke shi, daga katun.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Waya tana faɗin abu ɗaya da murya ɗaya sau ɗari, ba ta gajiya, ba ta neman a kalle ta a ido, ba ta sauya fuska. Mutum kuwa yau ya faɗa da dariya, gobe da faɗa. Yaro mai otizim yakan fi samun natsuwa da abin da ba ya canzawa. Sai dai haddace zance daban, amfani da shi daban. Tambayar da za a yi ita ce: in ƙishirwa ta kama shi, yana amfani da Turancin nan ya nemi ruwa? In yana yi, madalla, a amsa masa, a ba shi ruwan, a faɗa masa sunansa da Hausa ma. In kuwa maimaitawa ce kawai, kada a tsawata masa, domin ga yara da yawa ita ce matakalar farko ta magana. Abin da yake buƙata shi ne ƙarin lokaci da mutane da ragin lokaci da waya.

Sunan da za a kira abin

Akwai wata matsalar harshe da ta fi ta yaron girma, ita ce ta manya. Da me za a gaya wa kaka abin da ke damun jikanta?

Somaliyawan da yaƙi ya kai Turai da Amurka sun sha wannan wahala. A lokacin ba su da kalmar otizim a harshensu, ba su taɓa jin ta a gida ba, har waɗanda ke Suwidin suka riƙa ce mata ciwon Suwidin. A jihar Minnesota ta Amurka iyaye suka ga 'ya'yansu da yawa a azuzuwan masu buƙata ta musamman, suka yi ta tambaya, amsa da harshensu ba ta zo da wuri ba. Waɗanda suka riga zuwa su ne masu yaɗa cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke jawo lalurar. Wannan magana ta samo asali ne daga wani rubutu na 1998 a Ingila a kan yara 12, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Daga baya an bi yara sama da 650,000 a Denmark ba a ga wata alaƙa ba. Amma jita-jita ta riga ta shiga gida. Yawan yaran Somaliyawa da ake yi wa allurar a Minnesota ya faɗo daga kashi 92 cikin ɗari a 2004 zuwa 42 a 2014, kuma a 2017 ƙyanda ta ɓarke ta kama mutum 75, mafi yawansu ƙananan yaran wannan al'umma. Binciken Jami'ar Minnesota na 2013 ya nuna yawan lalurar a tsakaninsu, ɗaya cikin 32, bai yi nisa da na fararen yaran birnin ba, ɗaya cikin 36. Mu da muka ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, mun san abin da ke cike gurbi in bayani bai iso da harshen da mutane suka yarda da shi ba.

A wajenmu kafafen labarai sukan ce galahanga, amma ana amfani da kalmar ga wasu laluran daban, kuma tana da nauyi a kunnen uwa. A unguwa kuwa abin da ake ji shi ne taɓin aljanu, ko kambun baka, ko a ce miskili ne, ko a ce rashin tarbiyya. Kowane suna da hanyar da yake aika iyaye. Mutanen Mawori na New Zealand sun zauna sun ƙirƙiro tasu kalmar a 2017, takiwatanga, ma'anarta mutum a nasa lokaci da nasa fili. Ina ganin mu ma lokaci ya yi da masana Hausa da likitoci da iyaye za su zauna a kan wannan. Kafin nan, bayani ya fi suna amfani. A ce wa kaka: "Halittarsa ce, ba wanda ya yi masa, ba laifin uwarsa ba ne. Yana ji, yana ganewa, amma hanyar koyonsa daban ce, hayaniya da sauyin abin da ya saba suna wahalar da shi." Addu'a a ci gaba da yi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗauri, ko turnuƙe yaro da hayaƙi da sunan fitar da iska.

A gaban likita

Tambayoyin da ake tantance otizim da su, irin waɗanda ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, an tsara su ne a Amurka, da Turanci, a kan al'adar can. Suna da amfani, amma sai an yi hattara wajen ɗauko su.

Ɗauki maganar suna. Likita ya duba kati ya ga Usman, ya kira sau uku, yaro bai waiwayo ba. Alhali sunan kakansa aka sa masa, ba mai iya faɗinsa a gidan, tun ranar suna Khalifa ake ce masa. In ɗan fari ne ma wataƙila uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Haka kallon ido: mu muna koya wa yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba. Haka nuni da yatsa: a gidaje da yawa zunɗe ake yi da baki, kuma nuna mutum da yatsa rashin ladabi ne. Waɗannan suna iya sa a ga lalura inda babu. Sun fi yawan yin akasin haka, wato su ɓoye ta inda take. Yaron da ba ya kallon kowa, ba ya shiga cikin yara, sai a yi ta yabonsa da kunya da haƙuri har ya kai shekara shida.

Don haka uwa ta je da shirinta. Ta faɗi sunan da ake kiransa da shi. Ta faɗi duk harsunan gidan da wanda yake yin kowanne. Ta ɗauki gajeren bidiyonsa a waya yana wasa da 'yan'uwansa, don minti biyu na tsakar gida ya fi rabin awa a ɗakin da bai sani ba. In bayanin likita da Turanci ne kuma bai shige ta ba, ta nemi a maimaita da Hausa ko a kira ma'aikacin da zai fassara. Kada a ɗora wa yayarsa 'yar shekara goma nauyin fassara wa uwarta irin wannan labari.

Darasi a bakin murhu

Masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasashenmu, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na horar da iyaye da masu reno na yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama tara a rukuni da ziyara uku a gida, wanda ma'aikacin da ba ƙwararren likita ba zai iya jagoranta. An gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya, ana juya shi zuwa harsunan wurin. Ginshiƙinsa shi ne a mai da wanka da ci da sa tufafi da wasa su zama darasi. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da harshen da uwa ke mafarki da shi.

Ga yadda abin yake a aikace. Uwa ta zauna a tabarma daidai tsayin yaron, ta yi masa cakulkuli, ya ƙyalƙyale. Sai ta ɗaga hannuwanta ta tsaya cak, ta yi shiru, ta ƙirga biyar a zuci. Wannan shirun shi ne aikin. In ya kalle ta, ko ya jawo hannunta, ko ya yi wani sauti, ta ce "ƙara!" ta sake yi masa. Gobe haka, jibi haka. Kofin kunu ma kada a miƙa tun bai nema ba: a riƙe shi inda zai gani, a jira, a faɗi kalma ɗaya. Jimla ta zama gajera, kalmar ta zama ita ce dai kullum a wannan wurin. In uwa "kosam" take cewa uba kuma "nono", kowa ya riƙe tasa, yaron zai gane abu ɗaya suke nufi kamar yadda ya gane Baba da Abba mutum ɗaya ne.

Wasu yaran, kusan ɗaya cikin huɗu ko fiye, maganar baki za ta kasance kaɗan a wajensu har girma. Su ma suna da abin faɗa. A ɗauki hoton kofinsa, da buta, da masai, da takalmi, da Hajiya, a wanke su a manna a kwali, ya riƙa miƙo hoton abin da yake so. Hoto ba ya hana magana fitowa, kuma kowa a gidan yana iya karanta shi, da mai Fulatanci da mai Hausa da malamar makaranta.

Sai dai ranar da za a rataya masa jaka tana tafe, kuma a bakin ƙofar aji wasu tambayoyin ke jira: wace makaranta za ta karɓe shi, me za a gaya wa malamin da ke da yara tamanin a gabansa, yaya za a yi da hayaniyar Islamiyya ga yaron da ke toshe kunne in an ɗaga murya, kuma me doka ta ba shi a matsayin haƙƙi. Can za mu bi shi a babi na gaba.